Kariyar Da Na Kai Garinmu

Tun da na dawo ban sha shayi da kwanciyar hankali ba. Da na zauna wurin mai shayin bakin layinmu a Sabon Gari, sai wani ya jawo benci: "Bala, da gaske har ciki ka shiga?" Wani kuma ba hanyar ce ta dame shi ba, ƙarfen da ke kan motata yake zagayawa yana ƙwanƙwasawa, yana tambayar wanda ya haɗa mini. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya tafi da nasa ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya karanta don Allah ya ƙyale ni.

Ni gyaran injin ban-ruwa nake yi a Gusau. Ina da wata tsohuwar jif da ke shan mai kamar ba gobe, amma inda ƙananan motoci suka ja burki ita nan take fara aiki. Garinmu yana can cikin ƙasar Tsafe, ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili. A can mahaifiyarmu Inna take, tare da yayana Haruna da iyalinsa. Haruna ne ɗanta na fari, kuma Inna irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mutumen ga" take ce masa. In tana da saƙo gare shi sai ta faɗa wa matarsa, ko ta faɗa wa bango yana tsaye yana ji.

Tun da mutanen daji suka matsa wa yankinmu nake roƙon Inna ta dawo Gusau. Har ɗaki na gyara mata. Ta ƙi, ta ƙi, daga baya ta sa sharaɗi: ƙafarta ƙafar gadonta. Wani gadon ƙarfe ne mai rumfa da marigayi Baba ya saya mata, a kansa ta yi jegon dukkanmu. Ko an kwance rumfar, gindinsa ba ya shiga cikin mota. Dole sai an ɗora shi a sama, ni kuma rufin motata sumul yake kamar kan mai sanƙo. Shi ya sa na ce zan haɗa kariya, wato ƙarfen nan da ake ɗaurawa a kan mota don ɗaukar kaya.

A garinmu ba a samun sabis sai an hau wani dutse a bayan gari. Ranar da Haruna ya hau ya kira ni, muryarsa tana zuwa tana yankewa. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, ku ƙara haƙuri. Kariya nika haɗawa nan Gusau, da ta kammala ina tahe da ita."

Ya ce, "Kariya?"

Na ce, "Awo, kariya mai ƙarhi, wadda za ta ɗauki..."

Sai na ji yana ta alhamdu lillahi, wayar kuma ta yanke. Na yi mamakin irin wannan godiya a kan guntayen ƙarfe, amma na ce wataƙila shi ma ya gaji da rigimar gadon ne.

Zangon farko Bungudu, wurin abokina Mamman mai walda. Ƙarfe sabo ya fi ƙarfin aljihuna, saboda haka ya ja ni wurin 'yan gwangwan a bayan kasuwa. Ban taɓa ganin gadaje da yawa a wuri ɗaya ba irin na ranar. An jibge su kan juna, masu rumfa da marasa rumfa, wasu da sauran fentinsu. Na tambayi mai wurin daga ina duk waɗannan. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Ƙauye. Wadda tag gudo tana kwana makaranta, ina za ta aza gado? Da kilo muka saye." Muka zaɓi biyu masu kauri. A jikin ɗaya akwai 'yar layar jinjiri ɗaure da zare. Mamman ya kwance ta ya rataye a ƙusa a shagonsa, ya ce ko mai ita za ta biyo sawu. Wato gadajen matan wasu muka yanka don in ɗauko gadon uwata, kuma abin ya tsaya mini a rai duk yinin.

Sai rigimar awo. Tun da farko Haruna ya ba ni tsawon gadon da kamu. Na miƙa hannu zan auna, Mamman ya riƙe ni.

"Kamun wa? Yayanka dogo na, kai ko kamar turmi. In munka auna da hannunka, rabin gadon waje za shi kwana."

Haka muka fita bakin titi muna duban mutane kamar masu neman ɓarawo, har muka sami wani mai sayar da rake mai tsawon Haruna. Da ƙyar ya yarda ya ba mu aron hannunsa, sai da muka sayi rake. Ya durƙusa yana kifa kamu a kan ƙarfe, Mamman yana zana alli, jama'a sun taru suna dariya. Ita ce dariyar ƙarshe mai daɗi da na yi a wannan tafiya.

Dogayen ƙarafan gefen gado su muka yi firam da su, sandunan rumfa muka gitta a tsakiya, muka yi mata ƙafafu masu kama bakin rufin mota, ana ɗaure su da noti. A ƙarƙashin kowace ƙafa muka sa yankin tsohuwar taya don kada ta ci rufin. Wuta ta ɗauke, muka tayar da janareta, ya mutu, na gyara shi, don ai sana'ata ce. Tartsatsin walda ya huda mini wando har ya taɓa fata. Da muka ɗora ta karon farko sai ga ta tana rawa kamar teburin mai shayi, ashe ƙafa ɗaya ta gaza. Muka sauke, muka ƙara mata guntu. Matar Mamman ta aiko mana da hoce da ƙuli-ƙuli, muka ci da baƙin hannu.

Da aka zo fenti na ɗauko wani gwangwanin kore da na gani a lungu. Mamman ya fizge shi.

"Kore? Daji za ka shiga da kore bisa mota? So kakai a ɗauke ka soja?"

Muka shafa mata shuɗi irin na ƙofar shago. Kun ga dai iya tsantsenin da muka yi. Launi ma sai da muka yi masa shawara.

Daga Gusau zuwa Tsafe kowa ya san yadda ake bin hanyar yanzu. Ba a sammako, ba a yamma, kuma ba ka so ka zama motar farko ko ta ƙarshe. Muna wuce dutsen Kwatarkwashi sai na fara jin wani fito a sama, siriri kamar kukan mace daga nesa. Ashe bakin sandunan rumfar ne da muka bari a buɗe iska take busawa. Ban yarda na tsaya ba sai a shingen jami'an tsaro, inda na roƙi totuwa wurin mai gasa masara na toshe su. Ɗaya daga cikin masu shingen ya leƙa sama ya ce, "Malam, kilishi za ka shanya?" Da na faɗi inda na nufa, sai ya daina wasan, ya ce Allah ya tsare.

A Tsafe na sauka gidan Alhaji Garba mai hatsi, aminin Baba. Zauren da na sani da buhuna yanzu mutane ne a ciki, duk 'yan gudun hijira daga ƙauyukan da ke kewaye da namu. Aka kawo tuwon dawa da miyar sure, mai tsamin da ke tayar da kunne, muka zagaye kwano. A nan na ga abin da ban saba gani ba. Mu a Gusau ko yaro ya san ba a zama cin tuwo da takalmi. Su kuwa kowa takalminsa a ƙafa, har wani tsoho mai furfura. Da asuba na lura da shi suka kwana. Gaisuwarsu ma ta sauya. Mu in an ce an kwana lafiya, kafin a rufe baki mun ce lafiya lau. Su sai mutum ya ɗan yi jim, kamar yana ƙirga mutanen gidansa, sannan ya amsa.

Tsohon nan mai furfura, Baba Audu, shi ya tambaye ni ɗan wane gari ne. Da na faɗa, sai fuskarsa ta saki.

"Ku kam Allah ya yi muku gyaɗar dogo. An ce kariya na nan tahe garinku daga Gusau. Har waɗanda sunka ɗaure kaya za su hita sun kwance."

Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce a raina, ashe an tuna da mu, za a tura mana jami'ai. Har na fara tunanin ko ma ba sai Inna ta taso ba. Washegari na je mararrabar da ake sauka daga kwalta na yi fakin, ina jiran motocinsu in bi bayansu. Na zauna har hantsi ya dubi ludayi, babu ko mai keke. Da na ga rana tana neman ƙwace mini, na yi bisimilla na kama hanya ni kaɗai.

Alhaji Garba ya riga ya karanta mini dokokin ƙasar da zan shiga, don ƙasa ce daban ko da a cikinta aka yanke mini cibiya. Gilas a ƙasa. Ba a hon. Ba a kallon fuska. Ba a kiran mutanen daji da sunan da muke kiransu a Gusau, ko a zuci, kada baki ya suɓuce. Gonakin da na sani da dawa duk ciyawa ta cinye su, ta fi mutum tsayi. Na wuce wani ƙauye da muke zuwa kallon dambe muna yara, ba kaza ba akuya, ƙofofi a buɗe.

Iyakar wani rafi ne. Babu tuta, babu shinge, amma kowa ya san daga nan ikon wani ya ƙare na wani ya fara. Ƙarshen damina ne, da sauran ruwa. Na sa babbar giya, jif ta shiga tana gurnani ta fita. A gindin wata tsamiya a tsallake mutum uku ne zaune kan babura, da bindigogi a cinya. Babbansu, mai rawani, ya ɗaga yatsa ɗaya. Na tsaya.

"Kai na ƙanen Haruna?"

Ashe har sunan yayana ya sani. Na ce ni ne.

Ya dubi hanyar da na fito, ya daɗe yana dubawa. "To, ina kariyar?"

Na nuna sama. "Ga ta nan. Ni da wani mai walda munka haɗa ta Bungudu."

Ya dube ni, ya dubi ƙarfen. Ɗaya daga cikinsu ya taka taya ya haye, ya yi tsalle a kanta, ko motsi ba ta yi ba. Sai mai rawanin ya fashe da dariya, har yana dukan tankin babur. Sauran suka kama. Da ya gama ya share ido ya ce, "Wuce, mai kariya. Muna gaishe ma da yayanka."

Na wuce. Tsakanin rafin nan da garinmu ba nisa, amma a nan maganar Baba Audu da godiyar Haruna a waya suka haɗu a kaina.

Tun daga nesa na hango jama'a a bakin gari. An ji ƙarar mota. Wata mata ta fara guɗa. Na tsaya na fito, ba wanda ya dube ni, duk bayana suke kallo, suna jiran motocin da ke biye. Guɗar ta mutu a tsakiya. Mai gari ya matso da sandarsa.

"Bala, sannu da hanya. Su suna baya?"

Na ce, "Baba, ni ɗai na."

"Kariyar fa da kac ce?"

Na ɗaga hannu na nuna shuɗin ƙarfen da ke kan motata. Da zagina suka yi, ko jifa, da ya fi mini sauƙi. Wani mutum ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. In mai magana yana gabanka, harshensa zai nuna maka ko kariyar mota yake nufi ko kariyar rai. Amma waya mai yankewa, a kunnen mutumin da ya shekara yana roƙon Allah abu ɗaya, abin da yake roƙo shi zai ji.

Mai gari ya ja ni gefe ya ba ni sauran labarin. Haruna ya sauko daga dutse da murna, ya faɗa a masallaci cewa ƙanensa ya haɗa musu kariya a Gusau. Gidajen da suka shirya bin motar ranar kasuwa suka fasa. Magana kuwa ba ta da shinge, ta tsallake rafi. Mutanen daji suka zo har gona suka tafi da Haruna, suka ce shi ne mai kiran soja, zai zauna wurinsu har su ga abin da ke tafe.

Na ce, "To ai sun gani! Sun hau ta ma, sun yi dariya. Sai su sako shi."

Mai gari ya girgiza kai. "Ɗana, wanda yas shiga hannunsu ba ya hita don an gano kuskure na. Za su aiko da abin da suka so."

Na shiga gida. Matar Haruna tana bakin murhu da 'ya'yanta, ta gaishe ni ba ta ɗago ba. Inna tana zaune kan tabarma a tsakar gida. A jingine da bango ga gadonta, an kwance rumfar an ɗaure sandunan da tsumma, tsaf, yana jiran mota. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, kamar ba abin da ya faru. Sannan na ce, "Inna, wa yak kwance gadon?"

"Ni nis sa anka kwance. Ni na san ƙarhen mota kaka nuhi. Kai da ba ka san kowa ba sai injin, ina za ka samo soja?"

"To, Inna, mi yas sa ba ki hwaɗa mai ba?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. "Na hwaɗa ma matatai, tac ce tsuhwa na. Shi ko... ka san ni da mutumen ga ba mu doguwar magana. Ya wuce ni nan da sahe, da hauyatai. Na buɗe baki, kunya ta hana ni."

Ban taɓa jin tausayin mutum irin na wannan lokacin ba, kuma ban san wa zan fi tausaya wa ba.

Dole in tsallake rafi kafin la'asar. Maza suka taya ni ɗora gadon. Ya zauna a kan kariyar daram, ko yatsa bai wuce ba, hannun mai rake bai yi ƙarya ba. A kansa muka jibga ƙullin kayan mutane muka ɗaure da igiyar roba. Cikin motar kuwa matar Haruna da 'ya'yanta, da wata mai tsohon ciki, da yaran maƙwabta da iyayensu suka turo ta taga ba tare da sun tambaye ni ba. Na hana kowa kujerar gaba. Na koma na ce, "Inna, taso, an gama."

Ba ta motsa ba. "Ku tahi. Allah shi kiyaye hanya."

"Inna, ke kinka ce ƙahwarki ƙahwar gadonki. Ga shi can bisa."

"Tahi da shi, kada wahalarka ta tashi banza. In sun aiko, anka rasa abin haɗawa, ka kai shi ga masu kilo."

Na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da darajar Baba. Na ce zama a nan ba zai sako shi ba, a Gusau ma za mu fi iya nema. Na yi kuka a gabanta kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba. Har na kama hannunta zan ɗaga ta. Ta zare hannun a hankali, ta dube ni, ta ce:

"Bala, in an sako shi, gida za shi zo. Ba ni barin garin ga Haruna na daji."

Matar Haruna da ta biyo ni ta toshe baki. Ni ma sai da na saki hannuna. Tun da aka haife ni, ranar na fara jin sunan nan daga bakin Inna, kuma da na ji shi na san ko da igiya ba za ta taso ba.

Kujerar gaba wata tsohuwa ce ta zauna a kai, ba tawa ba. A rafi ba mu tarar da kowa ba sai sawun babura. Har muka hau kwalta yaran ma ba su yi kuka ba. Kariya ta yi aikinta, noti ko ɗaya bai kwance ba.

Masu tambaya ko Mamman zai haɗa musu irinta, ku je Bungudu, yana nan. Ni dai yanzu "ƙarfen sama" nake ce mata. Har yau waɗanda suka tafi da Haruna ba su aiko ba, muna jira. Gadon yana ɗakin da na gyara, matata ta ɗaura masa rumfa ta shimfiɗa zanen gado, kullum sai ta kakkaɓe shi. Shekaranjiya wani maƙwabcinmu ya hau dutse ya kira ni. Na ce yaya Inna. Ya ce lafiyarta lau, sai dai ta ɗauke tabarmarta daga tsakar gida ta mayar zaure, inda take ganin hanyar rafi. Wai duk wanda ya shigo gari sai ta tare shi ta tambaye shi ko ya ga Haruna, da sunansa, a gaban kowa.